Yadda Ake Kare Dashen Murjani Daga Gansakukar Da Ke Tsirowa A Mazauninsa

Duk wanda ya taɓa sayen dashen murjani ya sa a tankinsa na ruwan gishiri ya san yadda lamarin yake farawa. Ranar farko, mazaunin da aka liƙa dashen a kansa fari ne tas kamar sabon farantin tangaran. Kafin mako ya zagayo sai ya fara dusashewa, kamar ƙurar hunturu ta sauka a kai, kuma zuwa mako na uku sai a ga waɗansu siraran zaruruwa kore sun leƙo daga gefen gam, suna kaɗawa da motsin ruwa. Idan aka ƙyale su, ba za a daɗe ba za su kai tsayin da suke shafar jikin murjanin, daga nan sai 'yan bakunansa su daina buɗewa, naman gindinsa ya fara janyewa sama yana barin farin ƙashi a fili, gansakukar kuma ta bi sawu ta hau kan ƙashin.

Murjanin da muke magana a kai ɗan'uwa ne ga wanda iyayenmu mata suka sani a cikin kayan ado, wato jan murjanin nan na Bahar Rum mai suna Corallium rubrum, sai dai namu rayayye ne, dabba ce mai baki da nama, kuma ana yawaita shi ta hanyar yanko ɗan gutsure daga uwa a liƙa shi a kan wani abu har ya kama. Wannan gutsuren shi nake kira dashe, abin da ake liƙa shi a kai kuwa mazauni. Mazaunin ɗan faifai ne mai faɗin santimita 2 zuwa 3, da 'yar ƙafa a ƙarƙashi wadda ake zurawa cikin rami, kuma ana yin sa da tangaran, ko da siminti da aka kwaɓa da yashin aragonait, wato yashi na kalsiyam kabonet, ko da roba. Abin da nake son mai kiwo ya riƙe tun daga nan shi ne, mazauni ba shi da wata daraja, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, murjanin da ke kansa shi ne dukiyar. Yawancin asarar da ake yi tana zuwa ne daga ƙoƙarin tsabtace mazauni da ya kamata a jefar, ko kuma daga hargitsa ruwan tanki gaba ɗaya saboda gansakukar da ba ta fi faɗin farce ba.

Dalilin da ya sa mazauni yake fara kamuwa

Sabon mazauni kamar sabuwar gona ce da aka share kafin damina. Duwatsun da suka daɗe a tanki sun riga sun samu masu su: ƙwayoyin bakteriya sun yi musu shimfiɗa, jar gansakuka mai tauri ta lulluɓe su, ƙananan halittu suna kiwo a kansu dare da rana, don haka ƙwayar irin da ta faɗo ba ta samun wurin kafa ƙafa. Farin mazauni kuwa fili ne da babu mai shi, ga shi da ƙananan ramuka da datti ke maƙalewa, ga tudun gam mai lunguna inda buroshi ba ya kaiwa. Wanda aka yi da siminti ko aragonait yana da ƙarin matsala, domin sinadarin kalsiyam kabonet yana kama fosfet ya riƙe, kuma idan mazaunin ya fito daga tankin da fosfet ya yi yawa, zai riƙa sakin abin da ya sha a hankali bayan ya shigo ruwan da ya fi wancan tsabta, ya zama taki a daidai gindin dashen.

Wurin da muke ajiye dashe ma yana taimaka wa gansakuka. Yawanci muna jera su a kan 'yar ragar roba da aka manna a jikin gilashi da maganaɗisu, can sama kusa da fitila, inda haske ya fi ƙarfi kuma dodon koɗi ba ya iya hawa cikin sauƙi. Wato mun haɗa mata haske da taki, sannan mun tsare ta daga masu cin ta.

Muhimmancin dabbobin nan masu cin gansakuka ba ƙarami ba ne, kuma teku da kansa ya nuna haka. A shekarun 1983 da 1984 wata annoba ta kashe mafi yawan bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, Diadema antillarum, a yankin Karebiyan. A gaɓar Jamaika, inda dama an riga an kame kifayen da ke cin ciyawa, sai gansakuka ta rasa mai taɓa ta. Binciken da Terry Hughes ya wallafa a 1994 ya nuna cewa murjani, wanda a ƙarshen shekarun 1970 yake rufe fiye da kashi 50 cikin 100 na duwatsun wurin, ya koma ƙasa da kashi 5, gansakuka kuma ta tashi daga kashi 4 zuwa kashi 92. Abin da ke faruwa a kan mazauni ɗaya ƙaramin hoto ne na wannan. Har a gandayen renon murjani na Fulorida, masu ninƙaya suna sauka da buroshi a hannu suna goge wuraren da dashe ke rataye, domin babu wata dabarar da ta maye gurbin wannan aikin.

Cutarwar kuma ba ta tsaya ga tare haske ba. Zaruruwan suna gogar naman murjani su hana shi buɗewa, suna tara datti a gindinsa, kuma suna fitar da sukari cikin ruwa wanda bakteriya ke ci su yawaita, har su shanye iskar oksijin a daidai inda gansakuka ta haɗu da nama, musamman da dare. Shi ya sa kullum mutuwar daga gefe take farawa.

A fara sanin wace iri ce

Kada a taɓa komai sai an ɗaga mazaunin an dube shi da kyau a ƙarƙashin farin haske, domin shuɗin hasken tanki yana ɓoye launi, kuma abubuwa da yawa da muke kira gansakuka maganinsu ya sha bamban.

Ƙura mai ruwan ƙasa wadda take gogewa da ɗan yatsa, ita ce dayatom. Tana gina ɓawonta da siliket, tana zuwa a makonnin farko, kuma da kanta take tafiya idan siliket ya ƙare, don haka ba ta cancanci a tayar da hankali ba, sai fa idan ta ƙi tafiya, wanda ke nuna cewa ruwan da ake ƙarawa bai tatu sosai ba. Ɗan koren da ke rina mazauni ba tare da gashi ba shi ma ba abin damuwa ba ne, abincin dodon koɗi ne. Idan kuwa shimfiɗa ce mai santsi, ja mai duhu, wadda take ɗagowa kamar ɓawon madara idan aka hura mata ruwa, to wannan bakteriya ce da ake kira sayano, kuma tana son wurin da ruwa ba ya gudu da inda datti ya kwanta. Akwai wata mai kama da majina, ruwan ƙasa, mai dogayen igiyoyi da ƙwayoyin iska maƙale a jiki, wadda kan ragu da dare ta dawo da rana. Wannan dainofilajelet ce, waɗansu ire-irenta suna da dafin da ke kashe dodon koɗi, kuma ta fi bayyana a tankin da naitiret da fosfet suka sauka zuwa sifiri. Wanda ya ɗauke ta a matsayin gansakuka ta yau da kullum ya ƙara tsananta tace ruwa, ƙara mata ƙarfi yake yi.

Masu kashe dashe da gaske su uku ne. Ta farko ita ce mai gashi, irin su Derbesia, zaruruwa masu laushi masu ƙarancin reshe da suke tsinkewa cikin sauƙi. Ta biyu ita ce Bryopsis, wadda daga nesa take kama da ta farko, amma idan aka matso da gilashin ƙara girma za a ga kowane zare yana da rassa biyu-biyu kamar gashin tsuntsu, tana da saiwa mai kutsawa cikin ramukan mazauni, yawancin dabbobi masu cin gansakuka ba sa cin ta, kuma ɗan gutsuren da ya tsinke yana iya zama sabon tsiro a wani wuri. Ta uku ita ce Valonia, ƙwallaye kore masu sheƙi kamar duwatsun ado na gilashi, waɗanda suke ɓuya a ƙarƙashin faifan mazauni da tsakanin bakunan murjani su yi ta ture su gefe.

Akwai kuma wadda ake maraba da ita, wato koralin, jar gansakuka mai tauri da ke fitowa ɗigo-ɗigo, ruwan hoda ko shunayya, ta bazu kamar fenti. Ba ta gogewa da yatsa domin da kalsiyam take gina jikinta. Inda ta rufe, masu gashi ba sa samun wurin kamawa da sauƙi, kuma a teku 'ya'yan murjani da yawa a kanta suke zaɓar sauka. Kada a kankare ta sai in ta fara hawa naman wani murjani mai jinkirin girma.

Ranar da dashe ya iso

Da sanyin safiya ake kama fara, kuma a wannan sana'a safiyar ita ce sa'ar farko bayan an buɗe leda. Ra'ayina, wanda na daɗe a kai, shi ne kada mazaunin wani tanki ya shiga naka in dai akwai hanyar raba shi da murjanin. Ruwan wanka na aidin da sauran magungunan tsoma murjani da ake sayarwa an yi su ne don kashe tsutsotsi da ƙwari, ba sa kashe gansakuka, ballantana ƙwayoyin irinta da ke cikin ramuka. Na taɓa yarda da wani mazauni da ya zo mini da ƙyalli, na tsoma shi a magani na sa a tanki, bayan wata ɗaya sai ga gashin Bryopsis guda uku a ƙarƙashin faifansa, kuma sai da na shafe watanni ina bin ta dutse-dutse kafin na rabu da ita.

Ka tanadi kwanuka biyu da ruwan tanki, da reza sabuwa, da almakashin yanke ƙashi ko filaya mai kaifi, da matsefata, da gam mai kauri na sayanoakirilet, wato sufa gulu irin mai kama da man shafawa, domin mai ruwa-ruwa gudu yake yi ya hau nama. Idan murjanin mai rassa ne, irin su Acropora ko Stylophora, kuma bai riga ya shimfiɗu a kan faifan ba, sai ka zura reza ƙarƙashin tsohon gam ka ɗan murɗa, yawanci zai ɓalle gaba ɗaya, in ya ƙi kuma ka yanke reshen daga sama da gam kaɗan. Ka tsane gindinsa da ƙyalle mai tsabta, ka ɗiga gam kamar ƙwayar wake a kan sabon mazauni, ka dasa, ka riƙe na daƙiƙa 20 zuwa 30, sannan ka tsoma cikin kwano, ruwan gishiri zai sa gam ya yi ɓawo nan take. Murjani yana jure minti ɗaya ko biyu a waje da ruwa ba tare da wata illa ba, don haka babu dalilin rawar hannu.

Idan kuwa ya riga ya shimfiɗu ya kama faifan, kamar yadda Montipora da zowantid, wato murjani mai bakuna kamar ƙananan furanni, suke yi, to ba a ɓamɓare shi. Sai ka datse ƙafar mazaunin ka jefar, ka gutsuttsure gefen faifan da babu nama har ka matso kusa da murjanin, ka goge abin da ya rage da buroshin haƙori, sannan ka shafe duk inda ya rage a buɗe da gam, sama da ƙasa. Gam ɗin yana binne duk irin da ya ɓuya, kuma murjani yana hawa kansa ba tare da ƙyama ba. Wanda yake da hali ya ajiye sababbin dashe a ƙaramin tankin killacewa na mako 4 zuwa 6, domin abin da ido bai gani ba ranar farko zai bayyana a cikin wannan lokaci.

Sabon mazaunin ma yana da kyau ya riga dashen shiga ruwa. Idan aka zuba 'yan mazaunai a ƙaramin tankin ƙasa inda matatu suke, a wuri mai duhu, suka yi makonni, za su samu shimfiɗar bakteriya kafin su ga haske. Wanda ya kwaɓa nasa da siminti kuwa dole ya jiƙa su a ruwan daɗi na makonni yana canja ruwan, har sai awo ya nuna cewa sun daina ɗaga ma'aunin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa da kishiyarsa.

Idan ta riga ta tsiro

Kafin komai, a sa safar hannu da tabarau na kariya, musamman idan dashen zowantid ne ko Palythoa. Waɗansunsu suna ɗauke da palitoksin, ɗaya daga cikin dafi mafi ƙarfi da aka sani, wanda yake shiga ta ƙaramin rauni, ta ido, ko ta numfashi. A 2015 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutanen da suka kamu da rashin lafiya a gidaje da shaguna a jihar Alaska bayan hulɗa da irin wannan murjani. Kada a taɓa zuba musu ruwan zafi, kada a goge su a busasshe, a riƙa goga a ƙarƙashin ruwan kwano don kada ya fantsama, kuma a nisanta yara daga wurin aikin.

Ba a cikin tanki ake wannan aiki ba, domin duk abin da ya tsinke famfo zai raba shi ko'ina. Ka ciro mazaunin ka sa a kwanon farko, ka kama gashin da matsefata tun daga tushe, ka murɗa kamar mai naɗe zare a kan tsinke, sannan ka ja a hankali, ka goge matsefatar a jikin takarda kafin ka sake kamawa. Ƙwallayen Valonia kuwa a zura bakin reza ƙarƙashinsu a ɗago su ɗungum, in ma wata ta fashe to a cikin kwano ta fashe. Bayan haka sai buroshi, kuma kullum daga gefen murjani zuwa waje ake gogewa, ba a tura buroshi ya nufi nama. Ka juya mazaunin ka goge ƙarƙashin faifai da ƙafar, domin nan ne mutane suka fi mantawa, kuma daga nan take sake tasowa.

Abin da hannu ya bari, haidirojin farokzaid zai ƙarasa. Mai ƙarfin kashi 3 cikin 100 ake so, kuma a duba kwalbar da kyau, domin kantunan magani da yawa mai kashi 6 suke sayarwa, wanda akan rubuta masa juzu'i 20, shi kuwa sai an sirka shi rabi da rabi da tataccen ruwa. Ka riƙe mazaunin a karkace ta yadda murjanin yake sama, abin da zai gangaro ya gangara nesa da shi. Ka jiƙa tsinken auduga, ko ka yi amfani da ƙaramin sirinji, ka bi duk inda gansakuka take kana dangwalawa, ka tsaya ɗan tazara kafin nama. Za ka ga kumfa fari yana tashi yana 'yar ƙara. Ka bar shi minti ɗaya zuwa biyu, kana ɗiga wa murjanin ruwan tanki don kada ya bushe, sannan ka ɗauraye sosai a kwano na biyu ka mayar. Washegari ko jibi za ka ga ragowar gashin ya yi fari ya mutu, kuma a lokacin ne dabbobi masu cin gansakuka suka fi son cin sa. Zowantid suna da juriya, har akan tsoma su gaba ɗaya na 'yan mintoci a haɗin kashi ɗaya na maganin da kashi uku ko huɗu na ruwan tanki, amma masu siririn nama kamar Acropora ba sa ɗaukar wannan, ɗigo ɗaya yana iya ƙona su. Ban yarda da zuba maganin kai tsaye cikin tanki saboda mazauni ɗaya ko biyu ba, domin jatan lande masu share kifi ba sa jure shi.

Idan wani sashe na ƙashin murjanin ya riga ya mutu gansakuka ta hau, a datse shi har zuwa inda nama mai lafiya yake, a toshe wurin da gam. Sannan a sani cewa noma ɗaya ba ya isa, kamar yadda manomi yake yin firi ya dawo ya yi maimai, haka za a sake ɗaga mazaunin bayan mako guda, a sake bayan wani makon, tun tsiron bai fi tsayin gashin ido ba. In an yi sau uku tana dawowa, to saiwarta ta yi zurfi, sai a raba murjanin da wannan mazauni.

Masu cin gansakuka

Dodon koɗi ba ya cin dogon gashi, shi mai lasar gajeren tsiro ne, don haka sai an yi masa aski tukuna yake iya riƙe wurin. Wanda na fi amincewa da shi shi ne Trochus, saboda yana jure ɗumin tanki kuma yana iya miƙewa da kansa idan ya faɗi rigingine, abin da Astraea yakan kasa har ya mutu a wurin. Turbo yana da ci sosai, amma ƙato ne mai ture duk dashen da bai kafu ba. Ƙananan Cerith suna shiga lungunan da manya ba sa iyawa. Bushiyar teku ƙarama, Mespilia globulus, tana kankare dutse har ya yi fari, sai dai tana da ɗabi'ar ɗaukar abubuwa ta ɗora a baya, kuma dashen da ba a liƙa ba yana cikin abin da take ɗauka. Koriyar ƙaguwa Mithraculus sculptus takan ci Valonia, ko da yake ba kowace ɗaya ba. Kifaye irin su Zebrasoma da Ctenochaetus da Siganus suna wuni suna tsintar tsiro, amma suna buƙatar babban tanki, kuma ba daidai ba ne a cusa su a wanda bai kai lita 300 ba don kawai a yi maganin gansakuka.

Duk waɗannan ba su da amfani idan ba za su iya kaiwa ga mazaunin ba. A sauko da ragar ta jingina da dutse, ko a riƙa ɗaukar dodon koɗi da hannu ana ɗora shi a kai da yamma. Kuma kada a zuba su da yawa lokaci ɗaya, domin idan abinci ya ƙare yunwa za ta kashe su, gawarsu kuma ta koma taki.

Ruwa da haske

A nan ne aka fi yin kuskure. Mutum zai auna fosfet ya ga sifiri, ya ce to ruwana ba shi da laifi, alhali gansakukar ce take shanye shi da zarar ya fito. Wani kuma zai ga ɗan gashi a mazauni ya cika matata da garin ƙarfen nan mai kama fosfet, ya rage wa kifi abinci, har ruwa ya tsotse ƙaf, garin neman ƙiba ya samo rama, domin murjani da kansa yana ɗauke da ƙananan gansakuka a cikin namansa, waɗanda ake kira zuzanteli, su ne suke ciyar da shi daga haske, kuma su ma suna buƙatar naitiret da fosfet. Idan aka hana su, murjanin ya koɗe ya daina girma, dainofilajelet kuma ta samu fili. Abin da masu kiwo da yawa suke nema shi ne naitiret tsakanin 2 da 10 a ma'aunin miligiram cikin lita, fosfet kuma tsakanin 0.03 da 0.1, kuma idan ya haura a sauko da shi sannu a cikin makonni, ta hanyar canja kashi 10 cikin 100 na ruwa duk mako, da gyara na'urar kwashe kumfa, da renon wata gansakuka mai suna Chaetomorpha a tankin ƙasa don ta yi takara da wadda ba a so.

Ruwan haɗa gishiri da na cike gurbin wanda ya ƙafe dole ya bi ta na'urar tacewa ta RO/DI har awon narkakkun abubuwa ya nuna sifiri. Ruwan famfo da na rijiyar burtsatse, komai kyansu a ido, sukan zo da siliket ko naitiret ko fosfet.

Ɗaya ɓangaren shi ne a taimaki murjani da koralin su riga gansakuka cin fili. Wannan yana buƙatar gishiri ya tsaya a 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, kalsiyam 400 zuwa 450 da maganiziyam wajen 1300 a ma'aunin miligiram cikin lita, alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na kashe tsami, tsakanin 7 da 9 a ma'auninsa na dKH ba tare da hawa da sauka ba, zafi kuma tsakanin digiri 24 da 26. Wanda yake zaune a ƙasa mai zafi ya kula da na ƙarshen nan ƙwarai, domin idan ruwa ya daɗe a digiri 30 murjani yakan fitar da zuzantelinsa ya yi fari, kuma naman da ya raunana shi ne ƙofar gansakuka. Haske na sa'a 8 zuwa 10 ya wadatar, a rage fari a bar shuɗi ya rinjaya idan tsiro ya yi yawa, kuma kada hasken taga ya riƙa faɗa wa tanki. A karkato famfo yadda ruwa zai ratsa ragar, sannan duk bayan kwana biyu ko uku a ɗauki babban sirinji a hura wa kowane mazauni ruwa, za ka yi mamakin ƙurar da ke tashi daga wurin da ka zaci tsaf yake.

Idan Bryopsis ta riga ta bazu ta wuce mazauni, masu kiwo suna amfani da fulukonazol, maganin nan na cutar fangas, kimanin miligiram 5 a kowace lita, a cire gawayin tacewa, a dakatar da kwashe kumfa a kwanakin farko, a jira mako 2 zuwa 3 tana yin fari tana narkewa, sannan a canja ruwa. Duk takin da ta sha zai dawo cikin ruwa yayin da take ruɓewa, don haka a riƙa awo. Ya fi dacewa a yi wannan a tankin killacewa idan dashe kaɗan ne suka kamu.

Tsofaffin mazaunai na tangaran ana iya sake amfani da su idan aka jiƙa su kwana ɗaya a haɗin kashi ɗaya na bilic da kashi tara na ruwa, aka ɗauraye da maganin cire kulorin, aka shanya a rana har suka bushe ƙarau. Kada a taɓa haɗa bilic da ruwan tsami na binega, domin haɗin yana fitar da iska mai guba.

Da zarar ka ga murjanin ya shimfiɗo ya kai bakin faifai, da ɗan farin layi ko haske a gefensa wanda ke nuna yana girma, ko kuma koralin ta fara ɗiga ruwan hoda a sauran filin, to lokacin sauke shi daga raga ya yi. Ka datse ƙafar, ka zaɓi wuri a kan dutse mai haske da gudun ruwa irin wanda ya saba, ka sa gam a ƙarƙashin faifan, sannan ɗan curin ifoksi, wato kwaɓin liƙi mai daskarewa, sannan wani gam, ka danna ka ɗan murɗa har ya zauna daram, ka shafe gefen da yatsa don kada a bar ramin da datti zai taru. A makonni biyun farko ka ci gaba da hura masa ruwa da duba gefen ifoksin, domin shi ma sabon fili ne fari, kuma sai naman murjanin ya gangaro ya taɓa dutse sannan za ka iya ɗauke ido daga kansa.